Keken da Na Kai Gidan Mastura

Laraba, 13 ga Maris, bayan la'asar

Yanzu na dawo daga asibitin yara. Na ɗauko littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki na juya shi ta baya, don ba ni da wanda zan gaya wa, kuma in na yi shiru kaina zai fashe.

Jikana Asror, watansa goma sha huɗu a duniya. Yatsan tsakiya na hannun dama. Likita ya ce gaɓar ƙarshe ta tafi, sun ɗinke abin da ya rage. Na tambaye shi ɗinki nawa suka yi, ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Shekara talatin ina kan allura da zare, bakina ne ya riga ni.

'Yata Sabohat ta shirya shi za su fita shan iska. Keken da ake tura shi a ciki yana naɗe a jingine a zaure. Yaron bai daɗe da koyon tsayuwa ba, komai ya gani sai ya dafa. Ya dafa gefen keken, ita kuma ta taka ta buɗe shi yadda take yi kullum, mahaɗin ƙarfen da ke gefe ya rufe a kan yatsan.

Uwar mijinta, Mastura, ta riga ni zuwa asibiti. Na same ta a baranda tana yi wa wata mai shara bayani. Da ta hango ni ta buɗe hannu.

"Kudajon, kin zo? Kin ga abin da ya same mu. Uwa da idonta biyu, yaro ɗaya tilo, amma tsaronsa ya gagara."

Kudajon. Sunan da iyayen miji da na mata ke girmama juna da shi ke nan, amma a bakin Mastura ko sallama sai ta zama mari. Sabohat tana zaune a ƙasa jikin bango, gaban rigarta duk jini, ba ta ko ɗago ba.

Ni na sayi keken.

Alhamis, 14 ga Maris, da safe

Na sa wayata a aljihun tebur, ƙarƙashin ƙyallaye. In ta yi ƙara zan ji. Ba na son kallonta.

Juma'a, 15 ga Maris, da azahar

An sallame su. Na gasa gurasa huɗu na ɗaure a mayafi na tafi gidan.

Mastura ta ɗauke gadon Asror daga ɗakin iyayensa ta kai nata. Wai don Sabohat ta samu ta yi barci. Yaron yana cinyarta, an naɗe masa hannu har gwiwa, sai ɗaga shi yake yana kallo. Sabohat ta kawo shayi, ta zuba mana, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Sau biyu ya miƙo mata hannun, sau biyu Mastura ta juya shi ta nuna masa kyanwa.

"Kelin, shayin ya huce," ta ce da ita. Tun shigar Sabohat gidan ban ji ta kira ta da sunanta ba, kullum kelin, matar ɗa. "Ko shi ma ba ki kalla ba?"

Na ce, "Kudajon, tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Haka ne. Amma tsautsayi ya san gidan da ake barin ƙofa a buɗe."

Na sha shayina. Keken yana nan a zaure, an wanke shi, an sake naɗe shi. Rumfar da na ɗinka masa da yadin siliki mai ruwan ɗorawa tana nan tas. Sai na tuna ranar bikin beshik, ranar da mu dangin uwa muka kai gadon jariri da duk kayansa. Da masu kakaki da masu ganga muka shiga layin. Matan unguwa sun cika tsakar gida, aka samu mai baki tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin wanda ya kawo. Da aka zo kan keken Mastura ta taso da kanta ta girgiza shi, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta ce a gaban kowa, "Ba laifi. Ai jariri bai iya karanta sunan kamfani ba." Mata suka yi dariya, ni ma na yi. Ita tsohuwar mataimakiyar shugaban makaranta ce mai haƙoran zinari shida, ni gwauruwa mai ɗinki, dariyar ta zame mini dole.

Yau da zan fito na yi kamar ban ga keken ba.

Asabar, 16 ga Maris, da magariba

Na ɓata wuyan riga biyu. Na farke, na sake ɓatawa.

Litinin, 18 ga Maris, da yamma

Wata mai kawo ɗinki ta zo awon rigar Navruz, bikinmu na shigowar bazara. Ina auna kafaɗarta tana ba ni labarin wata yarinya a layin masu saƙa da ta datse wa ɗanta yatsa saboda tana latsa waya. Ba ta san 'yata ba ce. Ko kuma ta sani, shi ya sa ta zo. Wayar ma ƙari ne, Sabohat ba ta riƙe da komai. Labari in ya fita daga gidan Mastura sai ya yi ƙiba a hanya.

Sabohat ta kira bayan azahar, muryarta ƙasa-ƙasa, daga banɗaki take magana. Oyi take ce mini, wato mama.

"Oyi, Elyor ba ya yi mini magana. In na ajiye abinci sai ya ci, ya tashi."

Elyor mijinta ne, yaron kirki, amma tunaninsa a aljihun uwarsa yake kwana.

Na ce, "Ki yi haƙuri, zai huce."

"Oyi, sau nawa na buɗe keken nan? Ya fi ɗari. Me ya hana ni dubawa ranar?"

Na ce mata tukunyata na ƙonewa. Babu komai a kan wuta.

Laraba, 20 ga Maris, da hantsi

Mako guda yau. Bari in rubuta, takarda ba ta da haƙoran zinari.

Ranar 20 ga Fabrairu saƙo ya shigo wayata daga kantin da na sayi keken, domin lambata na ba su lokacin da suka cike takardar garanti. Kamfanin yana janye kekunan irin wannan. Mahaɗin gefe yana datse yatsun yara lokacin buɗewa ko naɗewa, ya riga ya yi wa wasu a garuruwa daban-daban. A daina amfani da shi nan take, a kawo shi kanti.

Na karanta sau uku. Na gane kowace kalma. Kada wata rana in yaudari kaina cewa ban gane ba.

Na ɗauki gyalena zan tafi, sai na tsaya a bakin ƙofa. In je in ce me? Kayan bikin beshik ba a komawa a karɓe su. An ɗaga su a gaban mata arba'in, an faɗi sunana a kai. In na tura keken nan na fito da shi daga gidan Mastura, kafin in kai bakin titi unguwa ta ji cewa uwar Sabohat ta kai wa jikanta kayan banza. In kuma na kira Sabohat a ɓoye na ce ta daina sa shi, surukarta za ta tambayi dalili, yarinyar ba ta iya ƙarya ba. Gorin a kanta zai sauka, safe da yamma, har ta tsufa. Haka na gaya wa kaina, wai ita nake karewa.

Sai na yi dabara irin ta masu wayo. Na sayi sabon keke na wani kamfani, na ɓoye shi bayan tulin yadi a ɗakin ɗinki. Na ce ranar Navruz zan kai shi a matsayin kyautar biki, in ce tsohon a ba ni zan canja masa rumfa, shi ke nan ya ɓata a hannuna. Babu mai jin kunya. Wata ɗaya ne kawai, keken da ya yi shekara bai cuci kowa ba. Har daɗin dabarar na ji, Allah ya sani.

Saura kwana takwas Navruz abin ya faru.

Alhamis, 21 ga Maris, da rana

Navruz. Maƙwabta sun aiko da kwanon sumalak, kunun tsiron alkama da ake damawa don bikin, ana ta kiɗa a filin makaranta. Ban fita ba, kwanon yana kan taga.

Asabar, 23 ga Maris, bayan la'asar

Na je kantin. Ban san me na je nema ba, wataƙila wanda zan zaga.

Mai kantin ya duba littafinsa ya ce, "Uwa, ai mun aika miki tun watan jiya. Ga shi nan, saƙon ya shiga." Ya juyo da littafin don in gani, kamar na yi musu. Ya ce yanzu ma ba sai an dawo da keken ba, kamfani ya aiko da gyara. Ya sunkuya ya ɗauko wata 'yar leda.

Ƙyalle ne guda biyu, baƙaƙe, kowanne da zif. A rufe mahaɗin da su, yatsa ba zai shiga ba. Shi ke nan gyaran.

Na juya su a hannuna. Ɗinkin a karkace, zaren na rataye, ko almajirar ɗinki ta mako biyu ba za ta miƙo mini wannan ba. Minti goma ya ishe ni in yi wanda ya fi shi da ragowar yadin rumfar, in je in ce ado ne na ƙara wa keken. Ko Mastura ba za ta ce uffan ba. Duk wayona wannan bai zo mini ba, ina can ina lissafin wa zai ce me.

"Lafiya dai yaron?" in ji mai kanti.

Na ce lafiya lau.

Su ma dai Allah ya isa. Sun ƙera abin da ke cin yatsun jarirai, sun aiko da saƙo mai layi huɗu, sun wanke hannunsu. To amma laifi tudu ne, na daɗe ina tsaye a kan nawa ina hango na wasu.

Talata, 26 ga Maris, da azahar

Elyor ya kawo Sabohat a mota, da jaka ɗaya. Babu Asror.

Bai shigo ba, a ƙofa ya tsaya yana murza makulli.

"Oyi, kun wuni lafiya? Cewa aka yi ta ɗan zo ta huta a wajenku."

"Yaron fa?"

"Yana wajen mahaifiyata. Ya saba da ita yanzu."

"Har yaushe?"

Ya kalli takalminsa. "Za a yi shawara."

Na san irin wannan hutun. Na ɗinka wa mata da yawa rigunan zaman gida bayan an kawo su hutu, wasunsu har yau suna hutawa. In aka raba Sabohat da ɗanta, da bakina aka raba su. Ina tsaye wayar tana ɗaki, taku goma tsakanina da ita. Na ce masa ya gaida gida.

Laraba, 27 ga Maris, da safe

Ba ta ci komai ba.

Alhamis, 28 ga Maris, da la'asar

Har yanzu tana shayar da shi, ba wanda ya tuna da wannan a gidan can. Nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya kama ta. Na dafa ruwa na gasa mata da tawul, tana cije leɓe, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

"Oyi, wataƙila gaskiyarsu ce. Wataƙila ya fi zama lafiya a can."

"Kada in ƙara jin wannan."

"Ke kin taɓa ji mini ciwo? Allura ko'ina a gidan nan, almakashi, dutsen guga, ko ƙwarzane ban tashi da shi ba. Ke uwa ce. Ni ban san me nake ba."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne ta juya in gasa ɗaya gefen.

Juma'a, 29 ga Maris, bayan magariba

Ko faɗar ma ba ni na yi ba, kada in ba kaina wannan lada.

Zazzaɓin ya sauka, ta ce zaman banza zai kashe ta, bari ta gyara mini ɗakin ɗinki. Ina kicin ina yanka karas na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa na same ta durƙushe gaban sabon keken, ta janye yadin da na rufe shi da shi. Takardar kanti na maƙale a jikin ledar da aka naɗe shi da ita.

"Na wa ne wannan?"

"Na Asror."

"An rubuta 23 ga Fabrairu. Yana da keke a lokacin, Oyi. Me zai yi da biyu?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na je na ɗauko wayar na buɗe saƙon na miƙa mata. Ta karanta tana motsa leɓe kamar lokacin da take 'yar aji ɗaya. Ta koma sama ta duba ranar. Na ga tana ƙirga da yatsunta, ta kai ƙarshe, ta sake farawa.

Na fara yi mata bayanin bikin beshik, da mata arba'in, da gorin da na so in kare ta daga gare shi. Ta bar ni na gama.

"Kwana ashirin da ɗaya kina da wannan kafin ranar," ta ce. "Na kira ki a cikinsu ya fi sau goma. Har hotonsa na turo miki yana cikin keken, kika ce ya yi kyau."

"Sabohat, 'yata."

"Bayan nan kuma kwana goma sha shida. Jiya kina gasa mini jiki ina ce miki ni ba uwa ba ce."

Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Ta ajiye wayar a kan teburin yanka.

"Gobe Asabar, matan layinmu suna taruwa a gidan, zagayen cin abinci ya zo kan surukata. Za ki sa rigarki mai kyau ki zo ki karanta musu wannan. Da ranar da ya shigo."

Ta shiga ɗaki ta rufe. Na ji tana cin gurasar da ta ƙi tun Talata.

Asabar, 30 ga Maris, da yamma

Na sa rigar. Su goma sha ɗaya ne a zaune, an baza shimfiɗa, an kawo shinkafa da naman rago. Rabinsu suna nan ranar da aka ɗaga keken. Mastura ta ga Sabohat a bayana, fuskarta ta canja, amma gaban baƙi dole ta ce mu zauna.

Ban zauna ba. Na karanta saƙon, na faɗi ranar da ya shigo, na faɗi dalilin da ya sa na yi shiru. Na ajiye ƙyallayen nan biyu a kan shimfiɗa kusa da gurasa. Na ce ko wace ce ta buɗe keken nan yaro na dafe da shi, abin da zai faru ke nan, ko da Mastura ce da kanta.

Sai wata tsohuwa daga can ƙarshe ta ce jikarta ma irin keken gare ta, ta tashi tana neman takalminta, ko addu'ar tashi ba ta jira ba.

Na zaci Mastura za ta yi mini wankin babban bargo. Na shirya masa, har so nake. Sai ta yi murmushi, duk haƙoran zinarin nan shida suka bayyana.

"Ayya, Kudajon. Ai da kin faɗa. Mu nan wa zai ce miki wani abu?"

Matan suka gyaɗa kai, har waɗanda suka yi dariya a wancan karon. Haka ne, wa zai ce wani abu. Na tsaya ina kallonsu, na rasa ko ƙarya suke yi ko kuwa ni ce na yi wata guda ina tsoron abin da babu.

Mastura ta shiga ɗaki ta fito da Asror.

"Kelin, karɓi ɗanki, tun safe yake rigima."

Kamar ba ita ta raba su ba. Ba ta nemi gafara ba, ba wanda ya sa ran za ta nema. Ta samu mai laifin da ya fi mata daɗi. Yaron ya cusa kai a wuyan uwarsa, ita kuma ta juya mana baya ta shige da shi.

Da zan tafi Sabohat ta biyo ni zaure, yaron yana kan nono. Tsohon keken ba ya nan, Elyor ya jefa shi bayan mota.

"Na gode da kika zo," ta ce. "Sabon ki ba wani, a hannu zan riƙa ɗaukarsa. Kuma kada ki zo sai na kira."

Litinin, 1 ga Afrilu, da safe

Na mayar da wayar kan teburin yanka, inda zan gan ta.

Laraba, 3 ga Afrilu, da la'asar

Mutum uku sun kira, duk masu ɗinki. Ɗaya ta fasa, ta ce za ta zo ta karɓi yadinta. Ta zo ta karɓa.

Juma'a, 5 ga Afrilu, da magariba

Ba ta kira ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da azahar

Na je kasuwa sayen zare. Ina fitowa daga layin masu yadi na hango su a tsallaken titi, wajen masu gurasa. Elyor na riƙe da jaka, yana yi mata magana, har ta ɗan yi dariya. Asror na saɓe a kafaɗarta yana kallon baya. An cire masa bandeji.

Na tsaya bayan wata mai tallan albasa don kada a ce na zo ba a kira ni ba. Shi ya gan ni. Ya yi ta zillo, ya ɗaga hannun dama yana buɗewa yana rufewa, yadda na koya masa yin sai an jima. Daga inda nake ana ganin yatsan da bai kai 'yan'uwansa ba.

Sabohat ta ji motsinsa. Ta san wa yake yi wa, don na ga kafaɗarta ta tsaya cak. Ba ta sauke masa hannun ba, ta bar shi ya yi ta ɗaga mini har ya gaji. Ba ta juyo ba.